Kemis ɗin Taminus da ke auna tumbi da tef

Jama'ar Jos, akwai wani kemis ta wajen Taminus da ke gwajin hawan jini da suga, kuma ni abin da ya burge ni da su shi ne tef ɗin awo, irin wanda tela ke rataya a wuya. Wasu wuraren sikeli kawai za ka hau a ce maka kilo kaza ka kama gabanka, nan kuwa sai ka ɗaga riga, yaron ya laluba ƙarshen haƙarƙarinka da saman ƙashin ƙugu ya zagaya tef ɗin a tsakani yana cewa "Baba saki numfashi, kar ka matse cikin", don wallahi duk wanda ya ga tef sai ya matse.

Nawa santimita 99 ya nuna. Mai kemis ɗin ya ba ni kujera ya ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, namiji daga 94 haɗari ya fara, in ya kai 102 abin ya yi tsanani, mace kuma 80 da 88, sannan ya ce hanya mafi sauƙi ita ce ƙugunka kar ya kai rabin tsawonka, to ni tsawona 172 ne kun ga ƙasa da 86 ya kamata in tsaya. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne BMI ɗina, lissafin da ake yi da nauyi da tsawon mutum, bai kai 25 ba, inda ake fara cewa ƙiba ta yi yawa, wato in da sikeli kaɗai aka bi cewa za a yi lafiyata lau. Ya ce kitsen tumbi daban yake da na cinya, shi a ciki yake taruwa wajen hanji da hanta, yana hana insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, aiki yadda ya kamata, ta nan ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya ke samun ƙofa. Mu kuma a nan mutum na fara tumbi sai a ce naira ta zauna, ana taya shi murna.

Sun yi gaskiya kuma, ba su tura min magani ba, cewa ya yi in awon jini ya riƙa kai 140/90 ko sugan safe kafin karyawa ya kai 126 to asibiti zan nufa likita ya tabbatar. Kuɗin ma ba yawa.

Amma akwai gyara. Abin ɗaura hannu na injin hawan jinin guda ɗaya ne, mai kaurin dantse in aka matsa masa ƙarami lambar sama take yi, a tsorata bawan Allah a banza. Babbar matsalar kuma babu labule babu ma'aikaciya mace, uwargida da muka je tare ƙin yarda ta yi a auna ta kuma ban ga laifinta ba, dan Allah su duba wannan don iyayenmu mata sun fi kowa buƙata. Kafin su gyara, mata ku auna a gida ku je da lambar a takarda, mai son gwajin suga kuma ya je da safe kafin ya sha shayi.