Gilashin waya na mat: wa ya dace da shi?

Gilashin kariya na mat, wato wanda ba ya sheƙi, ya cika kasuwannin waya, daga Farm Centre ta Kano har shagunan unguwa. Samansa yana da wani kaushi da ido ba ya gani, shi ke warwatsa hasken da ya sauka a kai. A ƙarƙashin fitilar shago ko kusa da taga, ba za ka riƙa ganin fuskarka a wayar ba. Shatin yatsa ba ya fitowa sosai, kuma yatsa mai gumi yana sulɓewa ba cijewa. Masu buga wasan waya na PUBG sun fi kowa sanin amfanin wannan.

Sai dai kaushin nan bai san na gida ba. Yadda yake warwatsa hasken waje, haka yake yi wa wanda ke fitowa daga wayar. Ƙananan rubutu sai su yi dishi-dishi, baƙi ya koma ruwan toka, farin shafi ya riƙa ƙyalƙyali kamar an barbaɗa yashi. A waya mai fuskar AMOLED, wato irin mai fitar da launi tangaran, asara ce babba, don ingancin launi ka biya wa kuɗi. A tsakar rana kuma fuskar takan yi fari fat, dole ka ƙure haske, batir ya sha wuya.

Idan wayarka a fuska take karanta zanen yatsa, gwada kafin ka biya. Goge tsohon zanen, ka sake yin rajista bayan an manna. In ta ƙi sau biyar a jere, a cire.

Iri biyu ake sayarwa. Akwai gilashi na gaske mai kaurin kusan milimita 0.33, akwai wanda ake kira siramik, alhali roba ce mai lanƙwasuwa: ba ta fashewa, amma tana saurin karcewa. Kada 9H da ke jikin kwali ya ruɗe ka, ma'aunin taurin fensir ne, yashin aljihu yana karce gilashin.

Wajen mannawa a kashe fanka, musamman da hunturu. A goge da jiƙaƙƙen ƙyalle, a bi da busasshe, a tsince ƙura da sitika, a daidaita daga wajen kyamara. Kumfa mai ɗigo a tsakiya ƙura ce, dannawa ba ta fitar da ita.

Mai buga wasan waya da wanda hasken fitilar ofis ke damunsa su sayi mat. Mai gyaran hoto da mai kallon fim su tsaya kan mai sheƙi.