Injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 24: abin da na gani bayan zubin ƙwan silki uku

Kajin silki, wato ƙananan kajin nan masu gashi mai laushi kamar auduga, biyar gare ni, zakara ɗaya da mata huɗu, kuma saboda su na sayi injin ƙyanƙyasa. Wanda ya san silki zai iya yin mamaki, domin a cikin kaji da wuya a sami wadda ta kai ta son kwanci. Ko ƙwan agwagwa aka sa mata, za ta rungume shi har ya fashe. Matsalar ita ce jikinta ƙarami ne, ƙwai shida zuwa takwas take iya rufewa da kyau, kuma da zarar ta kwanta ta daina saka ke nan, sai ta gama mako uku na kwanci da wasu makonnin na reno. Ga shi dama ba mai yawan ƙwai ba ce: kamar uku a mako, wajen 100 zuwa 120 a shekara. Ni kuwa ina son garken ya ƙaru, ina kuma son in zaɓi iyayen da kaina.

Injin da na saya irin ƙananan nan ne na roba, masu murfi garai-garai da ake hango komai ta cikinsa. Sunayensu sun yi yawa amma ƙirar kusan ɗaya ce. Akwai fanka da wayar ɗumamawa a jikin murfin, sanduna a ƙasa masu mirgina ƙwai duk bayan awa biyu, ɗan allo mai nuna zafi da laima da lissafin kwanaki, sai kwararon ruwa biyu da ake cikawa ta wata 'yar kafa daga waje. Wannan kafar ita ce abin da na fi yaba wa wanda ya ƙera shi, zan kuma faɗi dalili a gaba.

Zubin farko bai yi kyau ba. Ƙwai 18 na sa, na saita zafi a digiri 37.5 na Salshiyas kamar yadda ake yi wa injin mai fanka, allo kuma ya tsaya cak a kan wannan lambar, dare da rana. Hankalina ya kwanta. Ranar 21 ta zo ta wuce, shiru. Sai da yammacin rana ta 22 na ga tsagar farko, kuma a ƙarshe 'yan tsaki biyar kawai suka fito, biyu daga cikinsu cibiyarsu ba ta gama rufewa ba. Da na fasa sauran, na tarar da bakwai sun cika halitta, har da gashi, sun mutu a cikin ɓawo. Abin ya daɗe yana damuna. Jinkirin ƙyanƙyasa irin wannan yawanci alama ce ta ƙarancin zafi, don haka na nemo ma'aunin zafi na daban har guda biyu, na ajiye su daidai tsayin ƙwai. Dukansu suka nuna ƙasa da abin da allon ke faɗa da fiye da rabin digiri. Rabin digiri a jikin mutum ba komai ba ne, amma ga ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, kwana 21 a jere, shi ne tsakanin rai da mutuwa.

Wannan shi ne babban aibin injin, kuma shi ne abin da nake so duk mai niyyar sayen irinsa ya riƙe: kada ka yarda da lambar da ke kan allo sai ka gwada ta da wani ma'aunin. Ka kunna shi babu ƙwai na yini guda cur, ka auna tsakiya, ka auna gefe. Nawa yana da wurin gyara lissafin, sai dai takardar da ta zo da shi ba ta yi bayaninsa yadda mutum zai gane ba. Da lalube na gano. Tun da na gyara, zafinsa bai sake yi mini wasa ba, wannan kam na ba shi.

Ma'aunin laimarsa ma haka yake, har ya fi na zafin kaucewa. Abin da ake so shi ne kamar kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari daga ranar farko zuwa ta 18, sannan a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Yanzu ba allon nake bi ba, ƙwan nake tambaya. A ɓangaren ƙwai mai faɗi akwai gurbin iska, wanda ke ƙara girma yayin da ruwan ciki ke raguwa. Ina haska shi da tocila in zana iyakarsa da fensir a rana ta 7, ta 14 da ta 18. Idan gurbin bai girma ba, laima ta yi yawa, sai in rage ruwa; idan ya yi saurin girma, in ƙara. Mai ƙaramin sikeli zai iya aunawa ma: ƙwai ya kamata ya rasa kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa zuwa rana ta 18. Ƙwan silki yana da daɗin haskawa, saboda ɓawonsa fari-fari ne mai ɗan ruwan madara. A rana ta 7, cikin ɗaki mai duhu, za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Wanda ya fito fayau babu komai, ko mai jan zobe kewaye, a cire shi kafin ya zama baragurbi ya ɓata sauran.

Sai sandunan juyawa. An yi su ne da ƙwan manyan kaji a zuciya, ƙwan silki kuwa ƙanana ne. Da na rubuta alama a gefe biyu na kowane ƙwai, sai na lura wasu zamewa kawai suke yi tsakanin sanduna, ba sa juyawa. Ƙwan da ba ya juyawa, ɗan da ke ciki yakan manne wa fatar ɓawo. Na matso da sandunan kusa da juna, abin ya daidaita, amma har yau nakan duba alamar safe da yamma.

A zubi na biyu na sa ƙwai 17 na kajina, waɗanda na tara, tsininsu a ƙasa, a wuri mai sanyi-sanyi, ban wanke ko ɗaya ba. A rana ta 18 na cire sandunan, na cika kwararo na biyu, na rufe. Daga nan ba a buɗewa, kuma a nan kafar ruwan nan ta yi ranarta: ina ƙara ruwa ba tare da na ɗaga murfi ba. Buɗewa a wannan lokaci na sa laima ta faɗi nan take, fatar cikin ƙwai ta bushe ta naɗe ɗan tsako, ya kasa juyawa.

Daren rana ta 20 na ji kukan farko tun ƙwan bai fashe ba, ciyau-ciyau siriri daga cikin ɓawo. Na tashi 'yata muka durƙusa gaban injin da tocila. Wani ƙwai a gefe ya ɗan girgiza, sai ga 'yar tsaga mai kusurwa uku, bakin tsako ya leƙo, baƙi wuluk da ɗan farin tsini a kansa. Daga nan ya yi shiru na tsawon awa goma sha huɗu. 'Yata ta yi ta roƙona in taimaka masa, na ce ta yi haƙuri, hutawa yake yana shanye sauran gwaiduwa, kuma daga tsagar farko zuwa fita yana iya kaiwa awa 24. Da ya tashi aiki, cikin ƙasa da awa ɗaya ya zagaye ɓawon yana sara, ya tura da ƙafa, ya faɗo jiƙe sharkaf. A jiƙen nan ake ganin ainihin silki: baƙar fata mai shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin farin gashi. Muka ƙirga yatsunsa ta cikin murfi, biyar a kowace ƙafa, maimakon huɗun sauran kaji. Goma sha huɗu suka fito a wannan zubin.

Ƙasan injin yana da santsi, wannan ma aibi ne. Ɗaya daga cikin 'yan tsakin ƙafafunsa suka tale, ya kasa tsayuwa. Na ɗaure su da 'yar filasta daidai faɗin tsayuwa, cikin kwana uku ya miƙe. A zubi na uku na shimfiɗa ƙyalle mai kaushi kafin rufewa, ban sake ganin haka ba. Wanke injin bayan ƙyanƙyasa kuma aiki ne, don ƙurar gashin 'yan tsaki tana shigewa cikin fanka, ga wayoyi a wurin, sai da ƙaramin buroshi a hankali. Ƙararrawarsa na da saurin kuka ko da laima ta ɗan motsa. Ba ya riƙe zafi idan wuta ta ɗauke, robar ba ta da kauri. Sau ɗaya da hakan ta faru na lulluɓe shi da bargo na awa biyu, ƙwan kuma suka tsira.

Akwai abin da babu injin da zai gyara, wato iyaye. Ƙwai uku da suka fito fayau a zubi na biyu duk na kaza ɗaya ne, mai yawan gashi a gindi. Na rage mata gashin da almakashi, na rage na zakaran, na kuma ɗan datse tukkun da ke rufe masa ido, sai ƙwanta suka fara kamawa. Gashin silki ba shi da 'yan ƙugiyoyin da ke haɗa zaren gashin sauran kaji, shi ya sa yake laushi kamar auduga, shi ya sa kuma ba ta tashi sama, ruwa kuma yana ratsa ta har fata. Wannan gashin sai an gado shi daga uwa da uba duka. In aka haɗa silki da kaza mai gashin da aka saba, 'ya'yan farko da gashi mai santsi za su fito. Silki na cikin kajin da cutar Marek, wata cutar kaji mai shanye musu ƙafafu, ke saurin kamawa, rigakafinta kuma a ranar farko bayan ƙyanƙyasa ake yi. Sannan kada a yi gaggawar raba maza da mata, sai sun yi watanni kafin a gane.

A zubi na uku na gwada haɗa injin da uwa. Ɗaya daga cikin kajin ta yi kusan mako uku tana kwance kan ƙwan roba. Da 'yan tsakin suka bushe, na bari sai dare, na ɗauki shida na cusa mata a ƙarƙashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, ina zare ƙwan robar. Ta ɗan kumbura, ta yi wata ƙasa-ƙasar murya, sannan ta gyara zama. Da safe na tarar da kawuna shida sun leƙo ta cikin gashinta. Sauran na rene su a kwali da fitila, digiri 35 a makon farko, ina rage kamar digiri 3 kowane mako. Duka sun rayu, amma na wurin uwa sun riga koyon tono da shan ruwa, kuma ban taɓa jin suna kukan dare ba.

Zan sake sayen wannan injin? E, matuƙar zan haɗa da ma'aunin zafi da na laima na daban tun ranar farko. Ga mai kaji biyu ko uku da yake son 'yan tsaki kaɗan a shekara, ba ya bukatarsa, kazarsa ta ishe shi. Ga mai son zaɓen iri da zuba ƙwai a lokacin da ya ga dama, yana aiki da kyau idan an tsaya a kansa. Yanzu haka akwai ƙwai 20 a ciki, yau kwanansu tara, kuma kaji biyu sun fara zaman gurbi, don haka ina sa ran wannan karon kowane tsako zai sami uwa.