Ƙaramin akwatin kwamfuta a zafin Kano: NR200P bayan hunturu ɗaya da bazara ɗaya

Lambobin zafin da ake gani a sharhin Turawa kan kayan kwamfuta ba namu ba ne. Su a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke gwaji. Mu kuwa a watan Afrilu, tsakanin azahar da la'asar, ɗakin da babu AC yakan kai 36 har 38, balle mai rufin kwano da silin ɗin da bai da kauri. Fanka da hitsink (ƙarfen da ke jan zafi daga firosesa) ba sa ƙirƙiro sanyi, zafi kawai suke kwasa su miƙa wa iskar ɗaki. In iskar ɗakinka ta ɗara tasu da digiri 15, firosesar da ta tsaya a 72 a wurinsu za ta tsaya kusa da 87 a wurinka, da kayan nan dai, da saitin nan dai. Shi ya sa a garin nan rage wutar da inji ke ci ya fi ƙara masa fankoki amfani, kuma a kan wannan ma'aunin na auna haɗin da zan yi bayani.

Akwatin Cooler Master NR200P ne, lita 18 da ɗoriya. A ciki akwai firosesa Ryzen 7 7800X3D a kan bod B650 mai girman mini-ITX, RAM DDR5-6000 guda biyu masu gigabait 16 kowanne, katin hoto RTX 4070 mai cin wat 200, fawa-fak (na'urar da ke ba kwamfuta wuta) Corsair SF750, sai hitsink Thermalright Peerless Assassin 120 SE. An yi aiki da shi tun daga ƙurar Disamba har ruwan farko.

Akwatin ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi: ka ajiye murfin gilashin a kwali. Yana zuwa da murfi biyu, na gilashi da na ƙarfe mai huji-huji. Na gilashin ado ne na ƙasashen sanyi. A nan yana toshe gefe guda gaba ɗaya, kuma yana rage tsayin hitsink ɗin da zai shiga zuwa milimita 153, alhali na ƙarfen yana ba da 155. Peerless Assassin kuwa 155 ne cif. Da murfin ƙarfe yana rufuwa in ka cire ƙarfen gefe da ake ɗaura fanka a kai, amma babu rarar ko ƙwayar gero. Saboda haka RAM ɗinka ya zama gajere, irin G.Skill Flare X5 mai milimita 33. In ka sayi dogo mai fitilu, dole ka ɗaga fankar gaba ta hau kansa, tana ɗagawa kuwa murfi ya ƙi rufuwa.

Tsarin iskar da ya fi aiki shi ne fanka biyu a ƙasa suna turo iska ga katin hoto, biyun da suka zo da akwatin kuma a sama suna fitarwa. Na ƙasan sirara nake sa wa, Arctic P12 Slim masu kaurin milimita 15, don a bar ɗan fili tsakaninsu da fankokin katin. In suka matsu da juna sai iska ta riƙa karo, ka ji gurnani kamar na janareta daga nesa, sanyin kuma bai ƙaru ba. Inda aka fi samun riba shi ne juya fankokin hitsink su jawo iska daga bayan akwati, maimakon su shaƙi ta ciki. Dalili a fili yake: katin hoto yana ƙasa, duk zafin da ya fitar sama yake hawa, firosesa kuma ita ce a kan hanya. Da aka juya su, firosesa ta sauka da digiri 4 zuwa 5 a cikin gem. Sai dai bayan akwatin ya zama ƙofar ƙura, dole ka manna masa raga. Ba a yin wannan juyin a Kano babu raga.

Akwai igiyar da ake tsayar da katin hoto a tsaye da ita. Ban ga amfaninta a nan ba, domin katin da ke kwance yana shan iska kai tsaye daga ƙasa. In ka dage sai ka yi amfani da ita, duba ko ta PCIe 3.0 ce. In ita ce, shiga BIOS, shafin saitin bod da ake buɗewa lokacin kunnawa, tun kafin ka haɗa ka mayar da ramin katin zuwa Gen 3, in ba haka ba za ka iya kunnawa ka ga allo baƙi ƙirin ka ɗauka katin ne ya lalace.

Yanzu firosesa, wadda ta fi komai tayar wa mutane hankali. 7800X3D ba ta cin wuta da yawa, a gem yawanci wat 50 zuwa 70 ne. Amma an ɗora mata ƙarin ma'ajiyar kash (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin firosesa) a saman ƙwayoyinta masu yin lissafi har ta kai megabait 96, ga murfin ƙarfenta mai kauri, ga wurin da zafin ke fitowa ɗan ƙarami. Zafin ba ya saurin isa ga hitsink. Shi ya sa za ka ga 85 a allo, ka taɓa hitsink ka ji ɗumi-ɗumi kawai. Ba man sanyayawa ne ya yi kaɗan ba, kada ka yi ta kwancewa kana ƙara shafawa. Iyakarta digiri 89, tana kaiwa nan sai ta rage gudu da kanta. A ɗaki mai 37, da saitin masana'anta, gwajin firosesa na Cinebench R23 ya kai ta 89 cikin minti biyu, a gem kuma tana yawo tsakanin 79 da 83.

Maganin yana cikin BIOS, ƙarƙashin Precision Boost Overdrive. Ka mayar da shi Advanced, ka shiga Curve Optimizer, saitin da ke rage wa firosesa boltej, ka zaɓi Negative. Kowace lamba ɗaya tana rage kamar milibolt 3 zuwa 5. A nan ne mafi yawan masu haɗawa ke yin kuskure: sun ji ana cewa 30, sai su zuba wa duk ƙwayoyi takwas 30, su kunna Cinebench minti goma, ya wuce lafiya, su ce an gama. Ba a gama ba. Rashin ƙarfin Curve Optimizer ba ya fitowa lokacin da duk ƙwayoyi ke aiki tare, domin a lokacin gudun ya sauka. Yana fitowa ne sa'ad da ƙwaya ɗaya ta yi tsalle zuwa gigahaz 5 a kan ɗan ƙaramin aiki. Abin da ya sa ke nan injin zai yi awa uku a gem ɗin Warzone ko gezau, sannan ya mutu ya sake tashi kana kallon YouTube ko ka tafi sallar magariba ka bar shi a kunne.

Ka fara da 15 a kan duka. Ka sa CoreCycler, wanda ke ɗaukar gwaji mai nauyi na Prime95 ko y-cruncher ya ɗora wa ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ka bar shi ya kwana yana zagaye. In ya wuce, ƙara zuwa 20, a sake kwana. Ƙwayar da ta yi kuskure ka mayar da ita baya da 5, ka bar sauran. Ƙwayoyi biyu da suka fi kyau, waɗanda manhajar Ryzen Master ta AMD ke yi wa alama, su ne sau da yawa ba sa ɗaukar ragi mai yawa, domin dama can suna gudu da ƙaramin boltej. A wannan firosesar shida sun zauna a 25, ɗaya a 20, ɗaya a 15. Taka za ta bambanta, ko da kwali ɗaya suka fito. In injin ya sake tashi da kansa, buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakurai, ka nemi WHEA-Logger mai lamba 18. In ya rubuta APIC ID, raba lambar biyu, ita ce ƙwayar da ta faɗi. Wani lokaci ba ya barin komai, sai ka koma wa CoreCycler da haƙuri. Daga ƙarshe na sa iyakar zafi a 85. Gem ya dawo tsakanin 71 da 74 a ɗakin nan mai 37, makin Cinebench kuma ya ɗan ƙaru maimakon ya ragu, tunda ta daina cin karo da iyaka.

Katin hoto shi ne babban murhu a cikin akwatin, kuma shi ya fi sauƙin gyara. A manhajar MSI Afterburner ka danna Ctrl da F, layin boltej da gudu zai fito. Ka kama ɗigon milibolt 925, ka ɗaga shi zuwa wajen megahaz 2,600, ka shimfiɗe duk abin da ke damansa ya zama miƙaƙƙen layi, ka danna alamar amincewa. Katin ya sauka daga wat 200 zuwa tsakanin 150 da 160, zafinsa daga 79 zuwa 69, hoton da aka rasa a daƙiƙa bai kai abin da ido zai gane ba. Gwajin wannan sai da gem na gaske, musamman mai amfani da bibiyar haske irin Cyberpunk 2077, domin saitin da ya wuce gwajin OCCT yana iya faɗuwa a can. In gem ya rufe kansa ya dawo da kai tebur, ka rage megahaz 30 ka sake. Wat 45 ɗin nan da aka rage ba katin kaɗai ya amfana ba. Firosesa, RAM da SSD duk sun sami sauƙi, batirin inbata ma ya ƙara daɗewa da dare.

RAM ne ɓoyayyen ciwo. DDR5 yana ɗauke da nasa mai daidaita wuta a jikinsa, kuma a ƙaramin akwati yana zaune ne tsakanin hitsink da fawa-fak, inda iska ba ta gudu. Saitin EXPO, wato saitin gudun RAM, na 6000 da ya wuce gwajin TestMem5 lafiya da sanyin safiyar Janairu zai iya fara kuskure a Afrilu, lokacin da manhajar HWiNFO64 ke nuna SPD Hub, wato zafin RAM ɗin, ya haura digiri 55 zuwa 60. Don haka a gwada shi yadda zai rayu: da rana tsaka, a kunna gwajin RAM tare da wani abu da ke ƙona katin hoto, na tsawon awa biyu. Kada ka ɗaga tREFI, tazarar lokacin da RAM ke sabunta abin da yake riƙe da shi, zuwa 65535 don ka ga wani ya yi, wannan lambar ita ta fi kowacce jin zafi. Ka sabunta BIOS, ka tabbatar boltej ɗin SoC, ɓangaren firosesa da ke kula da RAM, bai wuce 1.30 ba, iyakar da AMD ta sa a shekarar 2023; a nan 1.20 ya wadatar. In ka kunna Memory Context Restore don injin ya riƙa tashi da sauri, kunna Power Down Enable tare da shi, in ka bar ɗaya a kashe shuɗin allo na iya biyo baya.

Fankokin akwati kuma kada a ɗaure su da zafin firosesa, domin X3D tana tsalle digiri goma don ka buɗe burawuza kawai, sai fankoki su yi ta tashi suna sauka. Da manhajar Fan Control na ɗaura na ƙasa da na sama a kan zafin katin hoto, na hitsink kuma na sa musu jinkirin daƙiƙa biyar kafin su amsa.

Ƙurar hunturu ba ta da wasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ragar ƙasa tana toshewa cikin kwana goma, kuma alamar farko ita ce katin hoto ya ƙara digiri 5 ba tare da ka taɓa komai ba. A cire raga a kakkaɓe duk mako. Duk wata a buɗe murfi a hura da bulowa a tsakar gida, a riƙe fikafikan kowace fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Akwatin ya hau tebur. A kan kafet kuwa, fankokin ƙasa shara za su riƙa yi maka. Kuma a busasshiyar iskar hunturu jiki yana tara lantarki, ka taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa RAM ko bod.

Akwai faɗuwar da ba ta da alaƙa da zafi ko saiti, kuma ita ke sa mutum ya ɗauki inji lafiyayye ya nufi Beirut Road ko Farm Centre neman mai gyara. Kernel-Power mai lamba 41 a Event Viewer ba ya nuna mai laifi, cewa kawai yake injin ya mutu ba a kashe shi ba. Ka lura da lokacin. In yana faruwa daidai sa'ad da firji ya tashi, ko aka kunna famfon rijiyar burtsatse, ko aka juya daga wutar gari zuwa janareta, to wuta ce. Fawa-fak yana iya riƙe kansa kamar milisakan 16 ne kacal in wuta ta yanke. Inbatoci da yawa na sola suna da saiti biyu: na kayan gida mai juyawa cikin milisakan 20, da na UPS mai juyawa cikin 10. In naka yana kan na farko, kwamfuta za ta mutu duk lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar gem, ko da fitilun ɗaki ba su ƙifta ba. Mayar da shi kan UPS. In ƙaramin UPS za ka saya daban, ka duba wat, kada ka tsaya a kan VA: mai 650VA wat 360 zuwa 390 yake ɗauka, wannan haɗin da allonsa kuma sun kusa cinye shi tun kafin a rage wa katin wuta. Nemi mai 1,200VA ko sama, wanda aka rubuta yana ba da tsantsar igiyar sain (pure sine wave), domin wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da mai tsani-tsani. In kuma kana jin akwatin yana ɗan jan fatar hannunka, soket ɗin ba shi da atin, ka kira mai wayarin ya gyara kafin ka ci gaba da kowane gwaji.