Ajin Turancin dare a Gyaɗi-Gyaɗi: Malam gwani ne, amma ba ya jira

Masu tambayata kan ajin Turancin manya da nake zuwa bayan sallar isha'i, kuɗinku ba zai tafi a banza ba, muddin kun iya haɗa baƙi. Ni ɗan Kantin Kwari ne, takardun kaya da saƙonnin 'yan Sin ne suka kai ni, na gaji da neman mai karanta mini sirrin kasuwata.

Abin da ya riƙe ni a wurin, Malam ba ya ba da hadda. Kalma yake kamawa ya bi ta har saiwa. A allon ƙofarsu an rubuta "accelerated", sai wani dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba sauri ba ne kawai?"

"A'a, Alhaji. Sauri ne da aka ƙara a kan wanda ake yi da, kamar direba ya baro cunkoson Naibawa ya taka totur."

Ya ɗau alli ya rubuta "celer", wato mai sauri a Latin, harshen Rumawan da. Aka maƙala mata "ad" a gaba ta zama "accelerare", Turanci ya are ta a ƙarni na 16. Daga wannan saiwar "accelerator" ta fito, totur ɗin ke nan, da "decelerate", rage gudu. Sannan ya kawo mana ita gida. In jarida ta ce alƙali ya ba da umarnin "accelerated hearing", shari'a ce za a saurara ba tare da yawan ɗagewa ba. "Accelerated promotion" kuwa ma'aikaci ne aka ƙara wa girma kafin lokacinsa. Ya ja mana kunne kada mu siffanta mutum ko doki da ita don yana da gudu, aiki ko tsari ake siffantawa. Wallahi irin wannan koyarwa ba ta fita daga kai.

Inda nake da ƙorafi, ajin gudu yake sosai. Wanda bai taɓa zaman aji ba yakan ruɗe tun makon farko, kuma abin yana damuna, don su ne suka fi bukata. Na roƙi Malam ya ware musu rana guda, ya ce sai an samu mataimaki. Bencinan na yara ne, gwiwa tana jin jiki. In aka ɗauke wuta ƙarar janareta tana danne muryarsa, don haka ku zo da wuri ku kama sahun gaba.