Yadda ake cinikin ɗan kwikwiyo a unguwannin bayan gari na Amurka

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga bayanin da ka nema game da cinikin karnuka a ƙasar nan. Abin da ka ji gaskiya ne: ɗan kwikwiyo mai mako takwas, wanda hannu ɗaya ya isa ya ɗauke shi, yana kaiwa dala 2,000 zuwa 3,000 a wajen mai kiwon da ya san aikinsa, wato miliyoyin naira a canjin yanzu. Aikina a asibitin dabbobi a jihar Maryland ya sa kullum ina tare da irin waɗannan karnuka, kuma kwanan baya maƙwabtana, mata da miji masu 'ya ɗaya, sun roƙe ni in taya su zaɓe, saboda haka na ga cinikin tun daga farkonsa har ƙarshensa. Ni dai ban ajiye kare a ɗaki ba, saboda hadisin da ka sani wanda ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, amma bango ɗaya ne tsakanin falona da nasu, kuma duk karen da suka kawo ni ma zan sha zama da shi.

Sai an fahimci irin gidajen kafin a fahimci cinikin. Gidajenmu jere suke, manne da juna, hawa biyu ko uku, kowane da ƙofarsa ta waje da ɗan fili a baya wanda bai wuce taku kaɗan ba. Da sanyi ya shigo ana rufe tagogi na tsawon watanni, na'urar ɗumama ɗaki tana ta jujjuya iska ɗaya a cikin gida, matakalar bene da ɗakunan kwana kuwa galibi shimfiɗe suke da kafet. Duk gashin da kare ya zubar yana nan a gidan, cikin kafet da kujeru da tufafi da matatar iska. A wajenmu kare a ƙofar gida yake kwana, iska ta kwashe gashinsa ba wanda ya lura, kuma haushinsa shi ne aikin da ake ciyar da shi dominsa. A nan haushi laifi ne. Ƙungiyar masu gidajen unguwarmu ta ƙayyade dabbobi biyu ga kowane gida, ta wajabta igiya a wuyan kare da zarar ya taka waje, ta kuma ɗora wa mai shi kwashe kashinsa a leda, wanda ya ƙi kuwa a aiko masa da takardar tara. Wasu unguwannin har nauyin kare suke ƙayyadewa, masu haya kuma sukan biya ƙarin kuɗi kowane wata saboda dabbar. Shi ya sa abin da na fara sa maƙwabtana su yi shi ne karanta dokokin ƙungiyar, tun kafin su kalli hoton kowane kare.

Karnukan da ba su cika zubar da gashi ba sanannu ne. Akwai Poodle, wanda ya kasu babba da matsakaici da ƙarami, kuma matsakaicin, mai nauyin kilo 5 zuwa 7, shi ya fi dacewa da gida irin namu saboda saurin ɗaukar horo. Akwai Bichon Frise, da kuma Havanese wanda asalinsa ƙasar Kyuba ne, masu son mutane ƙwarai amma ba sa jure kaɗaici, sai su yi ta kuka idan an bar su wuni guda. Akwai ƙaramin Schnauzer, wanda asalinsa mai kamun ɓera ne a gonakin Jamus, lafiyayye mai ƙwazo, sai dai bakinsa ba ya shiru, ni kuwa a matsayina na mai bango ɗaya da su na faɗi ra'ayina a kansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Karen ruwa na Fotugal, irin wanda iyalan Obama suka kawo fadar White House a 2009, ya fi ƙarfin ɗan filin bayan gidanmu, domin yakan haura kilo 20 kuma sai ya sha gudu kullum yake natsuwa.

Dalilin da ya sa maƙwabtana suka nace a kan irin wannan kare shi ne 'yarsu, wadda takan yi atishawa idanunta su yi ja idan ta shiga gidan da ke da kare. A nan ne masu talla suke cin kasuwa, suna cewa irin kaza ba ya tayar wa kowa da ciwo. Maganar ba haka take ba. Abin da ke tayar da atishawa da asma wani sinadari ne da ke cikin miyau da amosanin fatar kare, gashi kuwa ɗaukarsa kawai yake yi ya watsa. Wani bincike da aka yi a asibitin Henry Ford na birnin Detroit a 2011 ya auna ƙurar gidajen da ke da karnuka, bai sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin gidajen da ke da irin da ake yabo da gidajen da ke da sauran. Abin da na gani a wajen aiki shi ne, mutum yakan jitu da wani kare ya kasa jituwa da ɗan uwansa da aka haifa rana ɗaya. Don haka na ce sai yarinyar ta ga likitanta, sannan ta zauna da ainihin kwikwiyon da za a saya kafin a biya ko sisi.

Abu na biyu da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, gashin da bai zuba ba yana nan yana tsawo, kuma wanda ya mutu yana maƙalewa cikin mai rai. Dole ne a taje shi sau da yawa a mako, a kuma kai kare wajen masu aski duk bayan mako huɗu zuwa shida, a yankinmu kuwa askin ƙaramin kare da wanka da yanke farce yakan ci dala 70 zuwa 100. An taɓa kawo mana wani kare da aka yi watanni ba a taje ba. Daga sama gashin ya yi kyau, amma da na tura yatsa bayan kunnensa da hammatarsa sai na ji ya dunƙule ya zama kamar tabarma a manne da fata. Ba yadda za a yi sai aske shi ƙwal, kuma da gashin ya ɗago a dunƙule muka tarar da fatar ta yi ja tana ruwa, ga wari, karen kuma yana zabura duk inda aka taɓa. Masu shi ba mugaye ba ne, an dai sayar musu da shi a kan cewa ba shi da wahala.

Irin wannan matsala ta fi yawa a karnukan gauraye da ake yayi yanzu, wato waɗanda aka haɗa Poodle da wani iri. Wani ma'aikacin ƙungiyar horar da karnukan ja-gorar makafi a Ostireliya, Wally Conron, shi ne ya shahara da haɗa Labrador da Poodle a 1989, domin wata makauniya a Hawaii wadda jikin mijinta ba ya jituwa da kare, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa ganin yadda aka mai da abin kasuwanci. A haihuwa ɗaya ta irin wannan haɗi wani ɗan yakan gaji gashin uwa wani ya gaji na uba, kuma gashin ƙuruciya yana canzawa kafin kare ya shekara, saboda haka duk wanda ya rantse maka a kan kwikwiyo mai mako takwas cewa ba zai zubar da gashi ba, ya faɗi abin da bai sani ba.

Masu sayarwa ma ba ɗaya suke ba. Akwai manyan gidajen kiwo da ke tara karnuka a keji suna sa su haihuwa ba hutu, su ne ke cika shagunan dabbobi da shafukan intanet da hotuna masu kyau. Saboda su ne jihar Kalifoniya ta hana shaguna sayar da irin waɗannan kwikwiyoyi daga 2019, Maryland ta bi baya a 2020, New York kuma a ƙarshen 2024. Akwai kuma 'yan damfara zalla, waɗanda za su karɓi kafin alƙalami a kan karen da babu shi, su dawo su nemi kuɗin keji da na inshorar jirgi. Magabata sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma wannan ita ce ƙa'idar da na kafa wa maƙwabtana: duk wanda ya hana a je gidansa a ga uwar, ko ya ce a haɗu a wajen ajiye motoci, a rabu da shi.

Wadda muka je wajenta wata dattijuwa ce a ƙauye, mai kiwon matsakaicin Poodle, wadda karyarta ba ta wuce haihuwa ɗaya a shekara. Tun a bakin ƙofa ta sa muka cire takalma muka wanke hannu, saboda ƙwayar cutar Parvo, mai kashe 'yan kwikwiyo da amai da gudawar jini, tana bin tafin takalmi ta shiga gida. 'Ya'yan suna cikin wani shinge a gefen kicin, inda suke jin ƙarar tukwane da na'urar shara da maganar mutane, kuma ta ce da gangan ta yi haka domin kada su tashi da tsoro. Uwar ta zo ta shinshine mu ta koma ta kwanta ba ta yi haushi ba, wannan kuwa ya fi kowace takarda gamsar da ni game da halin 'ya'yan. Yarinyar ta zauna a ƙasa kusan awa guda kwikwiyon yana lasar hannunta, sannan matar ta ba su ƙyallen da yake kwana a kai su tafi da shi gida su ga yadda za ta kwana.

Daga nan ta fito da fayil. Mutane da yawa suna ruɗuwa da takardar rajistar American Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka da aka kafa a 1884, alhali abin da take tabbatarwa asalin iyaye ne kawai, ba ta cewa komai a kan lafiya. Takardun da ke da nauyi su ne na gwajin iyaye, waɗanda gidauniyar lafiyar dabbobi ta OFA da ke jihar Missouri ke ajiyewa, kuma kowa na iya duba su a intanet da lambar kare: hoton ƙashin kwankwaso, wanda ba a ba da shaidarsa ta ƙarshe sai kare ya cika shekara biyu, duban ƙoƙon gwiwa, wanda yakan goce wa ƙananan karnuka, da gwajin wata cutar ido ta gado da ke farawa da dundumi ta ƙare da makanta. Na duba lambobin a wayata a gabanta, kuma ba ta ji haushi ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mai sayarwa ce ta yi wa masu saye tambayoyi. Wa ke gida da rana? Awa nawa kare zai zauna shi kaɗai? Wane likita za ku kai shi? Ta ƙi ba da shi sai ya cika mako tara, kuma yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta ce a kai shi ga likita cikin kwana uku, in an sami ciwo a mayar da shi a karɓi kuɗi, a yi masa fiɗiya idan ya girma, kuma duk ranar da suka kasa riƙe shi, ko bayan shekara goma ne, ita za a mayar wa. Ka san yadda muke yi a kara: mu buɗe bakin dabba mu duba haƙora, mu taɓa gadon baya, dillali ya shiga tsakani, da an ce an sallama kuma magana ta ƙare. Idon mutanenmu ya fi na yawancin Amurkawa sanin lafiyayyar dabba, wannan ba na shakka, amma ido ba ya ganin makantar da za ta zo bayan shekara huɗu, kuma mai sayarwa a wajenmu ba ya ɗaukar alhakin komai bayan ya ƙirga kuɗinsa. A ganina rabin dala 2,500 da maƙwabtana suka biya na wannan alhakin ne. Wanda ba shi da larura irin ta 'yarsu kuwa, gidajen ajiye karnukan da aka yasar suna ba da kare mai rigakafi a kan 'yan ɗaruruwan daloli, kuma can nake tura yawancin masu tambayata.

Bayan saye sai hidima. Allurar rigakafin Parvo da 'yan uwanta ana farawa a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, kuma kafin nan ba a barinsa ya taka inda baƙin karnuka ke bi. Akwai maganin kaska da na tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, kowane wata. Dokar Maryland ta wajabta allurar haukan kare ga duk karen da ya cika wata huɗu, kuma ba a ba da lasisin ƙaramar hukuma sai da shaidarta. Da irin wannan tsari ne Amurka ta kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka, aka sanar a 2007, ko da yake tana nan a jikin jemagu da wasu namun daji. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, da yawa daga cikinsu yara ne. Wannan ne ke ci mini rai idan na tuna cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar nan a ƙasarmu, amma karnukan unguwanninmu ba su san ta ba.

Za ka yi mamakin jin cewa karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, ya sami cikakkiyar rajista a American Kennel Club a 2019, kuma ana sayensa da tsada. Gashinsa gajere ne ba ya ɓata ɗaki, amma ban ba maƙwabtana shawararsa ba, domin an halicce shi don gudu a fili, ba ya jure sanyi, kuma ba ya sakin jiki da baƙi.

Game da yaron nan namu da ka ce yana son fara kiwon karnukan waje don sayarwa a Abuja da Jos, ka gaya masa ya guji masu kaurin gashi irin na tsaunukan Kokesas da ake yayi, domin zafi da kaska suna gama da su. Ya fara da karya ɗaya wadda ya ga iyayenta da idonsa, ya nemi likitan dabbobi da ke da firji mai aiki, saboda allurar da ta sha zafi ba ta kare komai, kada ya raba ɗa da uwa kafin mako takwas, kuma kowane kwikwiyo ya fita daga hannunsa da katin rigakafi mai kwanan wata da sa hannun likita da lambar wayar shi mai kiwon.