Yankari da yara uku a tsakiyar bazara: ranar da na hana kowa kwanciya

Ni mutum ne mai lissafi. Maman yara takan ce ko rake na saya sai na tsotse shi har ya koma tsintsiya kafin in yar. Don haka da muka shirya zuwa gandun dajin Yankari bayan ƙaramar sallar 2024, tun muna gida a Jekadafari na kafa doka: babu mai kwanciya da rana. Kuɗin shiga daban, kuɗin ɗaki daban, kuɗin motar zagaye daban, ga mai, sannan a ce mu je mu rufe ƙofa mu yi barci? Barci ai a Gombe ma muna yin sa kyauta.

Mu shida ne: ni, maman yara, mahaifiyata da muke kira Dada, babban yaron mai shekara 12, ƙanwarsa mai 8, sai Auta mai 4. Mun tashi bayan asuba, muka bi hanyar Bauchi, muka wuce Alkaleri, a Dindima muka karya hagu. Daga nan zuwa babbar ƙofa da ke Mainamaji kusan kilomita 29 ne. Wanda bai taɓa zuwa ba sai ya ɗauka ya iso da ya ga ƙofa. Ina! Akwai sauran kilomita wajen 42 a cikin daji kafin sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, kuma ba hanyar gudu ba ce, don dabba na iya tsallakowa a kowane lokaci. Ko da muka sauke kaya goma ta wuce, motocin zagayen safe har sun dawo.

Ma'aikacin da ya ba mu mabuɗi, dattijo mai sanyin magana, ya dubi Dada, ya dubi Auta, sannan ya ce mini: “Alhaji, ku ɗan huta tukuna. Sai bayan la'asar motar yamma za ta fita. Yanzu ko giwa ba ta yawo.” Na yi dariya, na gode masa, a raina na ce shi ai a nan yake kullum, mu kuwa kwana biyu gare mu.

Muka fara da gidan adana kayan tarihi na sansanin, kuma wannan ban yi nadamarsa ba. Akwai fatu, da ƙasusuwa, da hauren giwa, da tarkuna da makaman da aka ƙwace daga hannun mafarauta. Babban yaron, wanda malaminsu ya sa shi ya rubuto abin da ya gani, ya tsaya yana kwafar tarihin wurin a littafinsa: an keɓe dajin a 1956, an buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Da ya ji faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, sai ya tambaye ni ko za mu zagaye shi duka yau. Na ce masa in Allah ya yarda. Kun ji irin uban da nake.

Sha biyu saura muka nufi Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ake wanka a ciki. Ruwan a ƙasa yake, sai an sauka doguwar matakala. Sauka ba wuya. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne duk abin da ka sauka sai ka hau shi, kuma da Auta a kafaɗa.

Shi kansa ruwan, ba ni da abin cewa sai masha Allah. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai, kana ganin farin yashi a ƙasa da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, ba ya canzawa. Wajen bakin dutsen da zurfi, ya kusa mita biyu, amma in aka gangara ƙasa akwai inda ruwan bai wuce gwiwar babba ba, nan yara suka baje. Itatuwa sun yi wa wani ɓangaren rumfa, wani ɓangaren kuma rana ce tsagwaronta. Yara kuwa ba ruwansu da inuwa, inda ake ihu nan suke zuwa.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Yaro a cikin ruwa ba ya jin ƙishirwa, ko ya ji ba zai faɗa ba, don kada a ce ya fito. Ruwan kuma mai ɗumi ne, ba irin na randa ba da zai sanyaya jiki. Suna ta tsalle, rana na dukan tsakar kansu, jiki na zubar da ruwa ba wanda ya lura. Robobin ruwan shanmu kuwa suna can a mota, a sama, domin ni na ce kada a ɗauko kaya da yawa.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi muka fara hawa. A tsakiyar matakala yarinyar ta ce, “Abba, kaina.” Na juyo na ga haɓo yana ɗiga a kan rigar sallarta. Maman yara ta zaunar da ita, ta sa ta sunkuyar da kai gaba, ta matse mata hanci da gefen mayafi. Auta ya ga jini, ya fasa kuka. Dada ta tsaya riƙe da gwiwa tana haki, ba ta ce komai ba, kuma duk wanda ya san Dada ya san shirunta ya fi faɗanta zafi. Ana cikin haka na ajiye ledar burodi da dambun nama a ƙasa don in ɗauki Auta. Kafin in miƙe, wani gwaggon biri ya diro daga kan reshe, ya sure ledar, ya koma nesa kaɗan ya zauna. Ya kwance ƙullin da yatsu tsaf kamar mutum, ya yar da burodin, ya kama cin dambun yana kallona. An gaya mana tun a ƙofa kada mu riƙe leda a fili. Ni na ji, na manta.

Sai a lokacin Dada ta yi magana, da muka kai sama: “Kai dai da ƙailula kake gaba, ko? Mahaifinka ko a gona yake sai ya nemi gindin tsamiya.”

Ko a nan ban saduda ba. Muka yi azahar, muka ci shinkafa a gidan abincin sansanin, na ce a zaga a ɗauki hotuna da gadu, aladen dajin nan da ke kiwo a tsakanin ɗakuna suna durƙusawa a kan gwiwoyinsu na gaba, ba sa ko kallon mutane. Hotunan suna nan a wayata. Babu fuska ɗaya mai murmushi a cikinsu.

Bayan la'asar muka hau motar zagaye, buɗaɗɗiya, da jagora a gaba. Iska ta fara kaɗawa, mota na jijjiga, kafin mu yi minti goma sha biyar Auta ya yi barci a cinyar uwarsa, yarinyar ta bi bayansa, Dada ma kanta ya fara lilo. Da muka gangara wajen kogin Gaji sai ga garken ɓauna, ga gwambaza tsaye a bakin ruwa, can kuma gwanki guda biyu. Na riƙa girgiza yarinyar ina cewa ta tashi ta gani, ta buɗe ido ɗaya ta mayar. Kujera shida na biya, mutum uku suka kalla. Garin neman gira na rasa ido.

Da dare maman yara ta ce, “Malam, gobe ka bar mini ragamar.” Ban yi musu ba.

Tsarinta ba wani abin mamaki ba ne, na wurin ne kawai ta bi. Bayan asuba kowa ya sha shayi, muka shiga motar safe. Gari da sauran sanyi, yara garau. Jagoran na ranar ya yi mana bayanin da ya kamata in fahimta tun jiya: da rani yawancin ruwan dajin yana ƙafewa, sai na Gaji da maɓuɓɓugai, don haka dabbobi ke saukowa sha da sassafe da kuma yamma, in rana ta take sai su shige duhuwa su lafe. Shi ya sa ba a fitar da mota da tsakar rana, ba don ƙyuya ba. Ya nuna mana sawun giwa, faɗinsa kamar faifai, da rassan da suka karya a daren. Ya gaya mana gaskiya tun farko, cewa giwa ba alƙawari ba ce, daji ne ba gidan zu ba. Na ji daɗin wannan. Sai da muka kusa juyowa ya ɗaga hannu, direba ya kashe inji. Guda huɗu ne, da ƙarama a tsakaninsu, suna kaɗa kunnuwa kamar mafici. Auta ya rufe bakinsa da hannu biyu don an ce kada a yi ihu. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, ga shi yarana sun gan shi ido buɗe.

A shiga da riga mai dogon hannu, akwai tsando a wajen kogin, kuma cizonsa ba wasa ba.

Muka dawo muka karya, muka sauka Wikki wajen tara da rabi, wannan karon da robobin ruwa a jakar goyo, abinci kuwa a kulle a ɗaki. Mutane ba su yi yawa ba tukuna, har maman yara da Dada suka samu lungu suka tsoma ƙafa, abin da jiya bai yiwu ba saboda cinkoson samari. Sha ɗaya da rabi ta tafa hannu, kowa ya fito. Yara sun yi ƙorafi, amma na minti biyu ne. Muka hau matakala kafin ta yi zafi.

Daga sha biyu zuwa la'asar muna ɗaki. An yi wanka, an ci abinci, an yi azahar, an ja labule, an kulle taga saboda birai, don sun iya tura taga. Na kwanta da niyyar in duba waya, ban farka ba sai da na ji Dada na alwala. Awa uku da rabi ba mu ga komai ba, ba mu ɗauki hoto ko ɗaya ba, kuma su ne suka sa sauran awoyin suka yi amfani. Da yamma muka koma ruwa, aka yi ta wasa har magariba ta kawo jiki, ba kuka, ba haɓo.

Wani abokina da na ba labarin ya ce ai wannan shawarar masu kama ɗaki ce. Yana da gaskiya. Yawancin mutanenmu daga Bauchi ko Gombe zuwa ɗaya suke yi su koma a ranar, su iso da hantsi, su juya kafin duhu, kuma a ce musu su kwashe awa uku a kwance kamar an ce kada su zo ne. Ga irin waɗannan, abin da na ga wani iyali sun yi ya burge ni: tabarma biyu a gindin itace, kula cike da ƙanƙara, kowa ya fito daga ruwa daga azahar zuwa wajen uku, babba ɗaya kuma riƙe da sanda yana gadin birai. Hutu ne shi ma, kuma bai ci ko sisi ba. Amma in da hali, kwana ɗaya ya fi, domin zagayen safe shi ne wurin, kuma mai tasowa daga Gombe da wuya ya same shi. In kuma a Disamba ko Janairu za a je, lokacin hunturu, ana iya rage hutun. A Maris da Afrilu, da zafi ke kai digiri 40 a wannan yankin, ba na ba kowa shawarar ya gwada abin da na gwada, balle mai ƙaramin yaro ko tsoho.

Ƙanin maman yara da ke karatu a Amurka ya yi dariya da ya ji. Ya ce a wuraren wasan Disney da ke Fulorida ma wannan gardamar iyaye ke yi, masu komawa otal da rana da masu cewa tikiti ya yi tsada. Wato masu irin halina ba a Jekadafari kaɗai suke ba. Ko a cikin gari, akwai wani wurin wasan yara da muke zuwa da sallah, wanda in ka fita sai ka sake biya kafin ka dawo, ga kujerun lilo na ƙarfe da ba sa zaunuwa da ƙarfe biyun rana. Tun daga wannan tafiya ba na kai su can sai bayan la'asar.

Yankari kam zan koma, kuma zan sake kama ɗaki. Ba mu kai ga kogwannin Marshall ba, waɗanda aka fafe a jikin dutse, babban yaron kuma ya rubuta su a littafinsa a matsayin bashi. A je da kuɗi a hannu, da maganin zazzaɓi na yara, da garin gishiri da sukari na haɗa ruwa, domin gari da nisa. A je da hula.

Ranar dawowa, muna loda kaya, sai ga dattijon nan mai mabuɗi. Ya tambayi yarinyar ya jiki, ya tambayi Auta ko ya ga giwa. Auta ya ware hannuwa iya ƙarfinsa don ya nuna masa girmanta. Sannan dattijon ya juyo gare ni: “Alhaji, jiya ban gan ku da rana ba.” Kafin in buɗe baki Dada ta amsa daga cikin mota: “Yana ciki yana minshari, ɗana. Har birai sun ji.”