Maigadin cikin Raspberry Pi 4: yana aiki, sai dai ba ya sammako

Masu haɗa ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 da kyamarar tsaro ko na'urar raba intanet a shagunan Kaduna, daga Kawo har Barnawa, sun san ciwon: na'ura ta daskare cikin dare, sai da safe a zo a zare waya a mayar. Alhali maganin yana jikinta. Akwai agogon gadi (watchdog) mai ƙirga lokaci a cikin guntun BCM2711, wato ƙwaƙwalwar na'urar, in manhaja ba ta taɓa shi ba har ƙirgen ya ƙare, shi da kansa zai sake tayar da na'urar.

Kunna shi ba ya cin ko kobo. A buɗe fayil ɗin /etc/systemd/system.conf, a cire alamar # daga gaban RuntimeWatchdogSec, a sa masa 10, wato daƙiƙa 10, a sake kunna na'ura. Daga nan systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji tana kula da su, zai riƙa taɓa agogon cikin kowace daƙiƙa 5, wato rabin lokacin. In /dev/watchdog bai fito ba, a ƙara dtparam=watchdog=on a config.txt. Kada a zarce 15, domin ƙirgen guntun bai kai daƙiƙa 16 ba, kuma a tsofaffin kernel, wato zuciyar manhajar Linux, lamba mai girma na kawo rikici. Kada kuma a girka manhajar watchdog ta daban a bar ta tare da systemd, mutum ɗaya ƙofar ke ɗauka.

Gwaji wajibi ne. Da ikon root, wato cikakken iko a kan na'urar, echo c > /proc/sysrq-trigger zai kashe kernel da gangan. In an daidaita komai, Pi za ta dawo ba tare da an taɓa ta ba. A nan ta ci yabo.

Inda ta gaza shi ne lokacin tashi. Da wannan saitin, maigadi ba ya kama aiki sai systemd ya tashi. In ɗauke wuta ya lalata katin SD, na'ura ta maƙale kafin nan, ba mai ceto, kuma a garin da wuta ke zuwa tana komawa wannan ba ƙaramar kafa ba ce. Don haka a haɗa da ƙaramin batirin ajiya da caja ta gaske mai 5.1V da 3A. Cajar waya ta kasuwa kan bar wutar ta faɗi ƙasa da 4.63V, a yi ta zargin manhaja a banza. Umarnin vcgencmd get_throttled zai tona asirin cajar.

Ga shagon da ake rufewa da dare, Pi 4 ta cancanci kuɗinta, muddin da batirin.